Kwana tara tsakanina da wata Marsandi 814

Na shafe shekara 19 ina bin hanyar Kano zuwa Legas kafin ranar da na tsaya a gaban wata mota da kuɗin sayenta a hannuna. Har yanzu 'yan'uwana direbobi a kasuwar Mile 12 da ke Legas suna tambayata dalilin da ya sa na janye daga cinikin bayan na riga na ba da kafin alƙalami, kuma amsar ba ta ba da kanta a tsaye a bakin tasha, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta yadda abin ya gudana daga farko.

Ni mutumin ƙasar Kura ne a Jihar Kano. A Kwanar Gafan na fara yaron mota, ina jera kwandunan tumatir, ina ɗaure igiya, ina sa weji a bayan taya idan an tsaya a kan tudu, har Allah Ya sa bayan shekara shida maigidana ya damƙa mini sitiyarin ɗaya daga cikin tirelolinsa. Hanyar kimanin kilomita 1,000 ce, daga Kano zuwa Zariya da Kaduna, a ratsa Birnin Gwari da Tegina, a sauka Mokwa, a haye Neja a Jebba, sannan Ilorin da Ogbomosho da Ibadan kafin a shigo Legas. Wanda bai taɓa ɗauko tumatir a wannan hanya ba, ba zai san abin da ake nufi da gudun lokaci ba, domin kowace awa da mota ta yi a tsaye, kayan da ke bayanta ruɓewa suke yi, kuma mai kayan yana jiran ka a kasuwa da lissafinsa. Iyalina suna Agege tun shekarar 2012, amma a wata guda da ƙyar nake kwana shida a ɗakina. Da 'ya'yana suka fara girma, hanyar Birnin Gwari kuma ta zama wadda mutum yake shiga da addu'a a bakinsa saboda 'yan bindiga, sai na ƙudurta a raina cewa ina son ƙaramar motar kaya tawa ta kaina, wadda zan riƙa ɗaukar albasa da tumatir da tattasai daga Mile 12 zuwa Oyingbo da Mushin da Ikorodu da Epe, in dawo in kwana a gida.

A ƙarshen shekarar 2023 na haɗa naira miliyan 6. Miliyan 3 da dubu 200 nawa ne, na adashi da abin da na riƙa ɓoyewa shekara da shekaru. Uwargidana ta sayar da sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal, ta kawo mini dubu 800 ba tare da na roƙe ta ba. Sauran miliyan 2 kuwa na yayata ne, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Gonar da marayun suka gada aka sayar da wani yanki nata, ita kuma ta ce in sa kuɗin a motar, in riƙa ba su rabonsu duk wata, domin da shi za a riƙa biyan kuɗin makaranta. Na karɓa da farin ciki a lokacin, ban kuma auna nauyin abin da na ɗauka ba sai daga baya.

Wani dillali ɗan garinmu ne ya kawo mini labarin motar. Marsandi ce ƙirar 814, irin waɗanda aka ƙera a Jamus tsakanin 1984 da 1998, waɗanda har yanzu suka cika titunan Legas suna rabon kaya. Duk direban da ya san mota yana girmama wannan ƙirar, saboda injinta mai silinda shida ne, ba shi da kwamfuta, famfonsa na ƙarfe ne zalla, kuma babu garejin da za ka shiga tsakanin Legas da Sakkwato ka rasa wanda ya iya taɓa shi. Mai ita wani ɗan kasuwa ne da ke rabon lemo da ruwan leda a yankin Ikorodu, ya ce yana so ya rage motoci saboda tsadar gas. Wannan hujja ba ta ba ni mamaki ba, domin a 2022 litar gas ta tashi daga ƙasa da naira 400 zuwa kusan 800 a cikin 'yan watanni, kuma a lokacin da muke wannan magana ta riga ta haura 1,000. Dillalin ya faɗa mini tun a waya cewa motar tana ɗan shan baƙin mai, tana kuma ɗan yin hayaƙi da safe, amma a cewarsa aikin nozul ne kawai, wanda ba zai wuce kwana ɗaya a gareji ba.

Da la'asar muka je. Na ga mota fara, bodinta na ƙarfe ba tsatsa, shasinta a miƙe ba alamar walda, tayoyinta huɗu na baya da sauran rai, takardun kwastan da na mallaka duk sun cika kuma lambar shasi ta yi daidai da abin da ke rubuce. Aka murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Na zagaya da ita unguwar, giya tana shiga lafiya, birki yana kamawa. An sa mata miliyan 7, muka yi ta ja har mai ita ya sallama a kan miliyan 5 da dubu 400, alhali irinta mai cikakkiyar lafiya ba ta samuwa a lokacin sai mutum ya doshi miliyan 9. Nan take na ba da dubu 300 kafin alƙalami, aka ba ni kwana goma in cika.

Akwai abin da na gani a ranar, wanda ya kamata in faɗa domin shi ne asalin labarin. Kafin a tayar da motar na ɗora tafin hannuna a jikin injin, na ji shi da ɗumi, alhali an ce mini kwana uku ke nan ba ta motsa ba. Na kuma ga jarkoki uku na ruwa a bayan kujerar direba, duk a cike. Shekara 19 a kan titi sun isa su sanar da mutum ma'anar waɗannan abubuwa biyu, kuma na san ma'anarsu sarai. Amma na riga na hango kaina ina sallar asuba a masallacin unguwarmu kullum, ina raka ƙaramin ɗana makaranta kafin in fita lodi, sai zuciyata ta ba ni amsa cewa zafin rana ne ya ɗumama ƙarfen, ruwan kuma na wanke mota ne. Na dawo gida na faɗa wa uwargidana cewa Allah Ya kawo mana mota, ban ambaci ɗumin inji ba, ban kuma ambaci jarkoki ba.

Kwana biyu ban yi barci mai daɗi ba. A na uku na tafi wurin Baba, wani dattijon makaniki Bayarabe ɗan asalin Ogbomosho, wanda ya tashi a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ta jakin Kano. Ya fi shekara 40 yana kwance injin gas yana ɗaurawa. Da na gama ba shi labari, abin da ya fara tambayata shi ne da wane lokaci na ga motar. Na ce da la'asar. Ya ce, “Ɗana, ba a ganin motar gas da la'asar. Ka gaya musu su bar ta inda take, su ba ka makullin ya kwana a aljihunka, gobe da asuba mu je tare.”

Dillalin bai so ba, amma da na nuna cewa in ba haka ba zan fasa, sai aka ba ni makullin. Mun isa wajen ƙarfe shida, gari bai gama wayewa ba, da ɗan sanyin hunturu irin na Legas wanda ba ya kai na Arewa. Baba ya fara taɓa injin ya tabbatar ya yi sanyi ƙalau, sannan ya ce in tayar. Motar da ta tashi bugu ɗaya a ranar farko sai ga ta tana ta gurnani, batir yana ja yana ja, sai a karo na huɗu ta kama, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, wani farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe bayanta. Injin gas ba shi da filogi irin na fetur, iska yake matsewa a cikin silinda har ta yi zafin da idan nozul ya fesa mai zai kama da wuta da kansa. Saboda haka idan ring da bangon silinda sun cinye, matsin yana zurarewa, kuma da sanyin safiya ne wannan ciwo yake bayyana, domin da zarar ƙarfe ya ɗumama ya buɗe sai ya rufe wa mai shi asiri. Wannan ne dalilin da ya sa aka ɗumama ta kafin zuwana na farko.

Baba bai yi magana ba. Ya tsuguna a bakin salansa ya tara tafin hannunsa, ya kai hanci ya shinshina, ya kuma nuna mini danshin da ya taru a hannun. Kowane direba ya san karatun hayaƙi: baƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, wanda sau da yawa nozul ne ko matatar iska, kuma shi ne mafi sauƙin magani, shuɗi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai, fari kuwa idan ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, kuma yana da danshi, to ruwa ne yake shiga inda bai kamata ba. Namu ya fara da fari, bayan minti goma bai ɗauke ba, da na taka totur kuma sai shuɗi ya biyo baya. Daga nan Baba ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya murɗa ba. Murfin ya riƙa tsalle yana rawa, hayaƙi yana fita ta ƙarƙashinsa, fuf, fuf, fuf, daidai da bugun injin. Ya juya cikin murfin ya miƙo mini, na ga wani abu fari-fari mai ɗan rawaya ya manne a ciki kamar kindirmon da ya kwana. Man da ke kan ma'auni kuwa sabo ne ƙal, mai kauri fiye da ƙa'ida, alamar ba a daɗe da juye shi ba. A ƙarshe ya nuna mini bakin lagireto, wanda ya buɗe tun inji yana da sanyi, sai ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa. Da ya bi wayoyi da yatsa, ya tarar an zare wayar agogon zafi, an kuma cire tamostat, wato abin da ke daidaita zagayawar ruwa gwargwadon zafin inji. Ya ce cire tamostat kaɗai ba shaida ba ce, domin kanikawa da yawa a ƙasar nan suna cire shi bisa al'ada, amma idan ya haɗu da zararriyar waya da kumfa da jarkoki uku, to magana ta ƙare, motar ta daɗe tana tafasa ruwa.

A hanyarmu ta dawowa na ce masa, “Baba, ai ko gaskit ne kawai, aikin kwana biyu ne.” Ya dube ni ya ce, “Kai ma ka san ba abin da kunnenka ya ji ke nan ba. Amma tun da ranka yana kanta, kada mu yi ta da ka, a buɗe kan injin kowa ya gani.”

Mai motar ya yarda a buɗe, bisa sharaɗin ni zan biya kuɗin aiki da sabon gaskit, wato fallen da ke toshe tsakanin kan injin da gangar jikinsa, kuma idan ba a sami wani abu da ya wuce gaskit ba, zan cika kuɗin ba ragi. Na amince, kuma a ganina wannan ne kuɗi mafi amfani da na kashe a duk rayuwata ta mota, ko da yake ya kusa dubu 150. A rana ta biyar yaran Baba suka ɗaga top silinda, wato kan injin, suka kwantar da shi a kan buhu. Fistin biyar baƙi ƙirin suke da tokar mai kamar yadda aka saba gani, ɗaya kuwa, na huɗu a jere, fes yake kamar an wanke shi da sabulu, domin tururin ruwan da ke zubowa cikinsa ne ya riƙa wanke shi. Da aka goge fuskar top ɗin da kananzir, sai ga wani siririn layi kamar gashi tsakanin mazaunin bawul biyu, tsagewa ce. Baba ya kuma nuna cewa an taɓa kai shi an share fuskarsa a baya, wato ba wannan ne karo na farko da ya yi zafi har ya lanƙwashe ba. Sannan ya kama yatsana ya sa farcena a bangon silinda ya ja sama, na ji farcen ya maƙale a wani tudu kusa da baki, na kuma ji zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa. Mai motar yana tsaye yana kallo, kuma na ga fuskarsa ta sauya da gaske. Na yi imani bai san rabin abin ba, direbansa ne ya riƙa ɓoye masa, yana ƙara ruwa a hanya yana yin shiru don kada a ɗora masa laifi. Ni direba ne, na san yadda tsoron maigida yake sa mutum ya rufe ciwon mota har ya zama ajalinta, kuma wannan ɗabi'a ce da ta kashe injina da yawa a hannun 'yan'uwanmu.

Hanya biyu ce a gabana, in ji Baba. Ko dai a sauke injin gaba ɗaya a yi masa aiki, a sami wani top ɗin, a gyara bangon silinda, a sa sababbin fistin da ring da metal, kuma ba wanda ya san halin da karanshaf yake ciki sai an kwance ƙasa, tun da ruwa ya daɗe yana gauraya da mai. Ko kuma a sayi injin Beljiyam, wato tsohon inji da aka shigo da shi daga ƙasar waje, a ɗora. Ya fi karkata ga na biyu, saboda a cewarsa kayan gyara na jabu sun yi yawa, kuma injin da aka haɗa da ring marar kyau wata shida ne zai dawo inda ya fito.

Washegari muka shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin, inda injina suke jere a ƙasa kamar tukwane. Mun sami irin wanda muke nema a shaguna uku, kuma duk sun haura miliyan 2, ban da kuɗin ɗauka da ɗorawa da mai da matatu. Wani mai shago ya gaya mini gaskiya cewa farashin da ya ba ni na wannan makon ne kawai, domin tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 dala take hawa, a lokacin ta wuce naira 1,000 a kasuwar bayan fage, kuma kwantenar da zai sauke nan gaba ba zai same ta a tsohon kuɗi ba. Shi kansa injin Beljiyam ɗin ba a ba da tabbacinsa sai na 'yan kwanaki.

A daren nan ne gwaji mafi girma ya zo. Dillali ya kira ni ya ce mai motar ya rage dubu 700, kuɗinta ya koma miliyan 4 da dubu 700, in cika in ɗauka. Ya ce, “Ɗan'uwa, wallahi ko bodi da shasi da takardu kawai ka saya ka ci riba, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu.” Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya sa maganar ta yi mini nauyi ke nan. Na zauna da biro da takarda a tsakar ɗaki bayan yara sun yi barci. Idan na biya, abin da zai rage a hannuna bai kai miliyan 1 da dubu 200 ba, inji kuma yana neman ninkin haka. Ga tayoyin gaba biyu da suke buƙatar canji, ga inshora, ga takardar lafiyar mota, wadda tun farkon 2022 Jihar Legas ta ce ba za a bayar ba sai an kai mota an gwada ta a na'ura. Ko na lallaɓa na rufe injin na fara aiki da ita a haka, mota mai tafasa ruwa ba ta da wurin zama a cunkoson Ojota da Ketu, inda ake yin awa guda ana tafiyar kunkuru. Ranar da ta mutu a tsakiyar titi da tumatir ɗin mutane a bayanta, kuɗin janwe da tara da asarar kaya za su haɗu a kaina rana ɗaya. Dillalin ya ce akwai mai ba da bashi da zai cike mini giɓin, a riƙa biya da ɗan abin da ya hau kai duk wata. Na ce masa ba zan fara neman halak da kuɗin ruwa ba, ballantana da dukiyar marayu a ciki.

A lokacin ne na faɗa wa uwargidana komai, har da ɗumin inji da jarkokin da na ɓoye mata tun ranar farko. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Maigida, gwal ɗina na ba ka shi har abada, ko ya dawo ko kada ya dawo. Amma kuɗin Yaya ba naka ba ne, ba kuma nata ba ne.”

Da safe na je gaishe da maigidana, wanda ya sauka Legas a makon, na kwashe labarin na faɗa masa. Na zaci zai ce motar banza ce, amma sai ya ce, “Motar nan mai kyau ce, da ni ne da na saya.” Ya ga na ɗago kai, sai ya ci gaba da cewa shi yana da motoci a kan hanya waɗanda za su ciyar da ita wata uku ko huɗu tana kwance a gareji, gidansa ba zai rasa tuwo ba, ba kuma wanda zai buga masa waya yana tambayar kuɗin makaranta. Ya ce mota marar lafiya ta mai mota biyu ce, wanda kuwa ya zuba duk abin da ya mallaka a kanta, ranar da ta nemi ƙari ba shi da inda zai juya sai ya sayar da ita a rabin kuɗi ga irinsu. Na ce, “Ranka ya daɗe, to idan na bari, yaushe zan sake samu?” Ya ce wannan ba ya hannunsa, amma sitiyarin tirelata yana nan yana jirana.

Na kira Yaya a waya don in ji ta bakinta, ina fatan ko za ta ce in dawo mata da kuɗinta, in sami hujjar janyewa wadda ba tawa ba. Na yi mata bayanin top silinda da tsagewa da farashin Ladipo, ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ni ban san inji ba, ƙanena, kai na sani. Duk abin da ka yanke, na yarda.” Ban taɓa jin magana mai taushi da ta danne ni kamar wannan ba. Da ta yi mini gardama da na sami abin da zan tura, amma sai ta ɗora mini kayan gaba ɗaya ta koma gefe. Na yi istihara a daren, na kuma maimaita a daren da ya biyo. Ban yi wani mafarki ba, illa dai na wayi gari a rana ta tara na ji son motar yana nan daram a zuciyata, amma gaggawar ta fita, kuma na iya duban lissafin takardar nan ba tare da ina neman hanyar da zan lanƙwasa shi ba. Na kira dillali na ce na fasa.

Batun kafin alƙalami ya ɗauki mako biyu. Mai motar ya ce al'adar kasuwa ita ce wanda ya fasa ya yi asara. Limamin masallacinmu ya yi mini bayani cewa a mazhabar Malikiyya ba a yarda mai sayarwa ya riƙe irin wannan kuɗi don an fasa ciniki ba, kuma ko ba wannan ba, aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya. Dattawan kasuwa suka zaunar da mu, aka yi magana cikin mutunci, ya dawo mini da dubu 200, ya riƙe dubu 100 a madadin kwanakin da motar ta yi ba a nuna wa kowa ba. Na karɓa na yafe sauran.

Ba zan ce janyewar nan ta zo mini kyauta ba, kuma ba na jin daɗin yadda wasu suke ba da irin wannan labari kamar wanda ya fasa bai rasa komai ba. Na mayar wa Yaya miliyan 2 cif a makon, aka saya wa yaran bijimai aka sa a turke, wannan kam ya yi albarka. Amma da uwargidana ta koma wurin masu gwal, kuɗin da aka ba ta na sarƙa da 'yan kunne bai iya sayen komai ba sai 'yan kunnen kaɗai, domin gwal yana bin dala ne. Nawa kuɗin kuma yana ajiye a banki yana narkewa, a watan Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500, motocin da nake tayawa a da suka yi mini nisan da ko tambayar kuɗinsu na daina yi. Na koma hanyar Birnin Gwari na ƙara wata 14, kuma akwai dararen da na kwana a Mokwa a ƙarƙashin tirela ina tambayar kaina ko tsoro ne ya hana ni abin da ya kamata in yi ƙarfin hali a kansa. Abin da yake kwantar mini da hankali a irin wannan dare shi ne, asarar da na ɗauka tawa ce da ta matar da ta yafe mini tun kafin a yi, ba ta kai ga yaran da ba a tambaye su ba.

A shekarar 2025 ni da wani abokina, wanda muka yi yaran mota tare, muka haɗa kuɗi muka sayi Mitsubishi Canter, wadda ba ta kai Marsandin ɗaukar kaya ba, kuma rabi ne kawai nawa a cikinta. Makullinta ya kwana a aljihuna kafin mu biya, Baba kuma ya saurare ta da asuba ya ɗora murfin mai a bakin rami, murfin ya zauna bai motsa ba. Da ita nake kai kaya Ikorodu da Epe yanzu, ina kwana a Agege.

Marsandin kuwa wani Alhaji mai fataucin albasa daga Aliero ne ya saye ta bayan wata guda, yana da wasu motoci uku. Na ji ta yi kusan wata huɗu a gareji kafin a ɗora mata injin Beljiyam, kuma yau tana aiki lafiya a kasuwar da nake lodi, har nakan gane ƙararta tun kafin ta shawo kwana. Ranar Talatar da ta wuce ta tsaya kusa da ni ana ɗora mata buhunan albasa, na je muka gaisa da yaron da ke tuƙa ta, na leƙa bayan kujerarsa. Jarka ɗaya ce a wurin, ƙarama, ya ce ta ruwan alwalarsa ce.